Bukkar da Dole Ta Yi Yoyo

Babana mutum ne da idan ya fara magana, kaza tana iya saka ƙwai, ta ƙyanƙyashe, 'yan tsakin su fara cara, shi bai kai ga "a taƙaice" ba. Mai bishara ne a ƙauyukanmu can wajen Malumfashi tun kafin a haife ni. A kan keke yake bin kasuwanni. Ya yi wa masu awo wa'azi, ya yi wa mahauta, akwai ma ranar da na iske shi yana yi wa jakin maƙwabcinmu bayani, jakin kuma yana gyaɗa kai kamar zai ba da baiko.

Abu na biyu da aka san shi da shi, baibayar ɗaki. In Baba ya yanta ciyawa ya hau jinka, to ruwan sama sai dai ya nemi wani gidan. Ko iska sai ta yi sallama. Yana alfahari da wannan fiye da wa'azin ma, kodayake ba zai taɓa yarda ba.

Da Mama ta rasu, sai maganar ta ɗauke gaba ɗaya, kamar an cire fulogi. Yayata, wadda take aikin nurse a babban asibitin nan na Edgbaston, ta yi ta fama har ta kawo shi Birmingham ya zauna da ita a Handsworth zuwa bayan sabuwar shekara. Muna ganin canjin wuri zai taimaka. Ina. Ya samu kujera kusa da heater ya zauna, ya sa hular sanyi har gira, yana kallon bas suna wucewa. Jikokinsa su zo su yi masa surutu da Turancinsu na Birmingham, wanda ni kaina sai na kasa kunne biyu nake kamo rabi, ya shafa kansu kawai. Abinci loma kaɗan. A teburi in an ce ya yi addu'a, sai ya nuna ni ko Yaya da haɓa. Mutumin da addu'arsa take sa tuwo ya huce ya yi ɓawo. Likitan unguwa ya duba shi ya ce jiki lafiya lau, zuciya ce ke makoki. Abu ɗaya kawai Baba yake faɗa kullum, a mayar da shi gida.

Gidan kuwa ba kowa a ciki sai ƙadangaru. Yaya ta kira ni a waya tana kuka a car park ɗin asibiti, ta ce in muka bar shi ya koma a wannan halin, kafin kaka mai zuwa za mu sake yin wata jana'izar. Ta ce tunda ni ne sarkin surutu, in zo in ɗauke shi ya yi mako a wurina, ko zan harbe shi da ciwon.

Ni a Ardwick nake, cikin Manchester, a wani flat da in ka yi miƙa da ƙarfi sai ka gaisa da maƙwabci. Sana'ata gyare-gyare: shinge, ƙofa, shed wato ɗan ɗakin ajiya, duk abin da ya karye a bayan gidan Bature. Ina da van wadda ta girmi wasu ƙasashe. A cikinta na ɗauko Baba. Tun daga Handsworth har muka sauka daga motorway na ba shi labarai, na gaskiya da na ƙari, har da wanda na ce na taɓa gyara wa wata mata shinge kare ya biya ni tip. Ko murmushi. Abin da ya ce kawai, in rage gudu.

Ba zan iya barinsa shi kaɗai a flat ba, sai na riƙa tafiya da shi aiki. Ya zauna a van da flask ɗin shayi. To a wannan makon ne wani tsohon customer nawa ya kira, kamar yadda yake yi duk shekara idan ganye ya fara faɗuwa. Bayahude ne, dattijo, yana can arewacin gari inda suke da yawa. Gajere, gemu fari, da 'yar hula kamar murfin kwano a tsakiyar kai. 'Ya'yansa suna nesa, hannuwansa kuma sun fara rawa. Duk shekara nakan fito masa da wasu falankai daga garage in harhaɗa masa wata 'yar rumfa a bayan gida, in shimfiɗa asabarin gora a sama, in watsa rassan itace masu ganye. Yana cewa na wani idi ne nasu. Ni dai a raina sunanta shed ɗin da aka manta da rufinsa. Ban taɓa tambaya ba. A ƙasar nan in customer ya ce ka ɗaura masa ƙofa a kan rufi, ka ce "no problem" ka ɗauko tsani.

Na gama harhaɗa bangon, na watsa rassan, sai na ga ƙusoshin da nake so sun ƙare. Dattijon ya shiga ciki amsa waya. Na leƙa van na ce wa Baba zan je shago a ƙafa in dawo, kada ya motsa.

Layin da na tarar a shagon, har na fara tunanin ko gwamnati ce ke raba ƙusa kyauta. Da na dawo, van babu Baba. Na zagaya baya da gudu, sai ga tsoho a kan tsani, ya cire coat, ya naɗe hannun riga, igiya a baki. Ya sauke duk rassan da na watsa, ya jera su kai da kai, ya ƙaro wasu daga tulin da aka sare a gefen shinge, ya ninka asabarin, ya ɗaure kowane layi ya danne shi da na gaba. Jinka sak, irin ta gida. Ko allura ba za ta ratsa ba. Ka shiga ciki ka ɗaga kai, duhu kamar cikin rumbu.

Ya dube ni daga sama ya tofar da igiyar.

"Auta, wannan ne aikin da kake yi wa mutane a ƙasar nan? Tsoho kamar wannan ka bar shi a cikin rariya?"

Tun da ya sauka daga jirgi ban ji jimla mai tsawon wannan daga bakinsa ba. Na rasa ko in yi murna ko in nemi wurin ɓuya, don daidai lokacin dattijon ya fito. Ya shiga rumfar, ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo. Ya fito ya zagaya ta. Ya ce a rayuwarsa bai taɓa ganin rufi mai kyan wannan ba, kuma a yi haƙuri, dole a warware shi.

Na fassara wa Baba. Fuskarsa ta haɗe kamar hadarin Agusta. Ya ce in tambaye shi ina laifin aikin. Dattijon ya ce laifinsa ɗaya, ba ya yoyo. Dokar idin ita ce rufin ya zama na ganye ko kara, inuwa ta fi rana yawa, amma a bar kafofi yadda mutum zai hango sama, ruwa kuma ya samu hanya. In ruwa ba ya iya shiga, to ta zama gida, su kuma an umarce su su bar gida su zauna a bukka mako guda bayan an gama girbi, su tuna kakanninsu da suka yi yawo a jeji ba su da rufi sai Allah.

Ina cikin fassara Baba ya ɗaga mini hannu. Ya sauko daga tsanin a hankali. Ya dubi falankan, ya dubi rassan, ya dubi ɗan tsohon nan mai 'yar hula.

"Idin Bukkoki," in ji shi. "Yaro, Idin Bukkoki ne."

Ya ce shekara da shekaru yana karanta wannan idin a Maganar Allah, ya yi wa'azi a kansa a ƙarƙashin kowace bishiyar kuka da ke tsakanin Malumfashi da Funtuwa, bai taɓa kawowa a ransa cewa har yanzu akwai masu yin sa da hannu ba. Kuma ranar da Allah ya nuna masa da ido, sai ya toshe shi. Ya koma kan tsanin ya fara kwance ɗaurinsa. Ina kallon hannunsa, duk kafar da ya bari sai ya ɗan tsaya, kamar ana cire masa haƙori. Dattijon yana ƙasa yana nuni, nan a ƙara buɗewa, can ya isa. Ba wanda ke jin yaren wani, amma ba su neme ni ba. Da aka gama, dattijon ya ɗaga reshe ɗaya ya gyara masa zama, ya ce mu dawo tsakiyar mako mu ci abincin rana a ciki, don karɓar baƙi yana cikin idin.

Kwanakin da suka biyo baya Baba bai koma surutu ba, kada in yi ƙarya a inda ba riba. Amma ya yi ta tambayata wace rana ce yau har ya gundure ni, kuma ya sa na goge masa babbar rigarsa.

Muka je. An rataye 'ya'yan itatuwa da takardu masu launi a cikin rumfar. Dattijon ya nuna wa Baba ganyen dabino da wasu rassa a ɗaure, da wani ƙaton lemo mai kurajen jiki wanda yake ajiyewa a cikin akwati da auduga kamar jariri. Baba ya shinshina ya ce a gida da tuni an matse shi a kunu. Wannan na fassara da sauri, aka yi dariya. Aka kawo miyar kaza mai zafi da burodi. Sanyi kuwa, har cikin haƙori.

Baba ya yi ta tambaya. Haka salonsa yake tun a kasuwa, ba ya buɗe nasa buhun sai ya ga abin da ke cikin naka. Wa ya rataye kayan adon nan? Dattijon ya ce da matarsa ce ke yi, ta rasu, yanzu shi yake kwaikwayon yadda take yi, kuma bai iya ba. Baba ya ajiye cokali. Sai ya ce in tambayi maigidan ko ya yarda baƙonsa ya faɗi abin da shi yake gani a cikin wannan bukkar. Dattijon ya ce bismillah, da irin nasu lafazin.

Baba ya gyara zama. Na san wannan gyaran zaman, na girma a ƙarƙashinsa. Ya ce shi a bangaskiyarsa, Allahn da ya zaunar da kakannin maigida a bukkoki bai tsaya daga sama yana kallonsu ba. Ya sauko da kansa ya kafa tasa bukkar a tsakaninmu, ta nama da jini, wadda sanyi ke ratsawa, yunwa ke ratsawa, har mutuwa ta ratsa. Shi ne Almasihu. Kuma a irin wannan idin ne, a ranar ƙarshe, ya miƙe a cikin taro ya kira duk mai ƙishi ya zo wurinsa ya sha.

Ni fa ga customer na shekaru, mai shayi da biskit, mai ba wa maƙwabta lambata. A ƙasar nan kuma maganar addini a gidan mutum, ana taka ta ne kamar ƙwai. Na yi gyaran murya na ce wa dattijon babana ya ce idinku yana da kyau ƙwarai, very nice.

Baba ya juyo gaba ɗaya.

"Na ba ka igiyar rijiya, ka miƙa masa zaren ɗinki. Very nice ɗin ai na ji shi. Faɗa masa abin da na ce, in ya kore mu ni ya kora."

Dattijon ma ya karkace kai yana dubana ta saman tabarau. Ya ce shi tsoho ne amma yana iya auna tsawon magana. To, an kama ni ta gaba da ta baya. Na fassara duka, tiryan-tiryan, gumi yana keto mini a cikin wannan sanyin.

Dattijon ya saurara har ƙarshe, bai katse ba. Sannan ya ce shi bai gaskata haka ba, su har yanzu jira suke, kuma a kan wannan jiran zai mutu. Ya ce an sha gaya wa mutanensa wannan maganar da sanda a hannu, shi ya sa kunnensu yake da tabo. Amma wanda ya hau tsani don kada ruwa ya taɓa shi, sannan ya nemi izini kafin ya buɗe baki, yana iya faɗin abin da ke ransa a teburinsa kowace shekara. Ya tura wa Baba kwandon burodi.

Baba ya karɓa ya ce madalla. Bai ja ba. Ni da nake jiran zagaye na biyu da na uku har in an kunna fitilun titi, sai na ga ya gutsuri burodi kawai.

Sai Manchester ta tuna da aikinta. Ɗigo ɗaya ya faɗo ta kafar da Baba ya bari da hannunsa, tsulum, cikin miyarsa. Wani ya sauka a kan hancina. Dattijon ya ce doka ta yi sauƙi, in ruwa ya fara ɓata miya an yarda a shiga gida. Baba bai tashi ba. Ya ɗaga kai yana kallon kafar, ruwa yana sauka a fuskarsa. Da ya yi magana, ba da dattijon yake ba, ba kuma da ni sosai ba.

Ya ce ɗakin Mama shi ya baibaye shi da hannunsa, daga baya ya sa kwano, ya bi kowace ƙusa da kwalta. Ya toshe ramin ɓera, ya sa raga a taga saboda sauro. Bai bar ko'ina ba. Da ta tafi, abin da yake ta tambayar Allah ke nan, ta ina aka shigo? Kuma tunda ba a ba shi amsa ba, shi ma ya daina magana, har da Mai Sama.

"Ashe ni ne nake ta yi wa bukka aikin gida," in ji shi. "Ita ma bukka aka ba ta. An kwance tata, ta riga ni shiga gidan."

Wannan ban jira an ce in fassara ba. Dattijon ya miƙo hannu ya dafa na Baba a kan teburi. Suka zauna haka, tsofaffi biyu da miyar da ta koma ruwa, ni kuma ina tsaye da kwanuka ina roƙonsu da yare biyu su shiga ciki kafin a ce na kashe wa mutane iyaye.

A hanyar komawa Birmingham na gane addu'ar Yaya ta karɓu fiye da yadda ta roƙa. Baba ya fara daga fitowar mutanen Isra'ila daga Masar tun muna Ardwick. Muna wuce Stoke ba su ƙetare teku ba. Na kunna rediyo, ya kashe.

Washegari ya zagaya bayan gidan Yaya yana auna wuri da ƙafa. Ya sa na kwaso tsofaffin katakan pallet daga van, ya sare rassan shingen da Yaya ta daɗe tana roƙon mijinta ya rage. Kafin yamma ga bukka a Handsworth, tsakanin igiyar shanya da kwandunan shara na council. Ya bar kafofi a rufin, manya-manya, har ya wuce gona da iri. Yaya ta ce, Baba, mu fa ba Yahudawa ba ne. Ya ce ya sani, ba doka yake cikawa ba, darasi yake maimaitawa don kansa mai tauri ne.

Ranar Lahadi aka yi godiyar kaka a cocinsu. Ya ga mutane suna kai gwangwanin wake da fakitin taliya gaban bagade, ya raɗa mini cewa bai taɓa ganin gonar da ke tsiro da gwangwani ba. Amma da fasto ya ce ko baƙonmu daga gida zai sa albarka, ya miƙe. Na ga Yaya ta rufe fuska da gyale. Addu'ar ta yi tsawon da sai da mai piano ya fara danna maɓalli a hankali don tuni.

Bukkar nan ta zama majalisa. Wata tsohuwa 'yar Jamaika da ke maƙwabtaka ta fara miƙo masa shayi ta kan shinge, daga baya ta zagayo da kujerarta. Akwai wani Bakano, Musulmi, yana PhD a uni, yana haya a gidan da ke bayansu. Ya ji Hausa tana tashi daga garden, ya leƙo kamar wanda ya ji ƙanshin ƙosai. Baba ya kira shi Malam, shi ya kira shi Baba. Malam ya tambayi dalilin rufi mai huji, Baba ya nemi izini kamar yadda ya saba, sannan ya ba shi tun daga jeji har zuwa Almasihu. Malam ya saurara, ya faɗi nasa fahimtar, ba su daidaita ba, ya tashi ya je ya yi la'asar ya dawo da dabino. Haka suka riƙa yi. Yaya ta ce tukunyar tuwonta ta shiga uku, amma tana faɗa tana dariya.

Wata iska da aka yi a Nuwamba ta kwashe bukkar ta jibga rabinta a garden ɗin Malam. Yaya ta kira ni a tsorace, kada abin ya mayar da Baba kujerar heater. Na bar aiki na kamo hanya. Na iske shi a waje yana tsince rassa, yana waƙar coci a ƙasan maƙoshi. Ya ce ai ta yi aikinta, bukkar da ba ta faɗuwa ƙarya take yi.

Na ga fuska a sake, sai na ɗan taɓa shi. Na ce to Baba, maganar komawa gida fa, in nemo jirgin gobe?

Ya harare ni. Ya ce zai koma bayan sabuwar shekara kamar yadda aka shirya, yana da wuraren da ya bari ba wa'azi, kuma keken nan yana buƙatar taya. Kafin nan in kai shi kasuwa ya sayi coat na gaske, wannan da Yaya ta ba shi na 'yan gayu ne. In kuma gaya wa dattijon Manchester kada ya ba kowa aikin rufin baɗi, in Allah ya kai mu shi zai zo ya yi.

Na ce Baba, aikina ne fa kake ƙwacewa.

Ya ce in riƙe tsani.